Takardar “reconsider” a shagunan buga takardu na Sakkwato: inda aikinsu ke da kyau da inda yake cutar da mai takarda

Duk wanda ya saba bi ta wajen sakatariya da safe, ko ta bakin kotuna, ko ƙofar manyan makarantu a Sakkwato, ya san shagunan nan masu kwamfuta biyu ko uku da injin fotokwafi da ɗan janareto a bakin ƙofa. Yawancin cinikinsu buga furojet ɗin ɗalibai ne da cike fom a intanet. Amma akwai wani aiki da suke yi wanda ya fi waɗannan nauyi, shi ne rubuta wa mutum takarda zuwa ofishin da ya yanke masa hukuncin da bai yi masa daɗi ba. Ɗalibin da aka ce ya bar makaranta don makinsa ya yi ƙasa, da ma'aikacin da aka mayar Isa ko Sabon Birni alhali yana jinyar mahaifiyarsa a cikin gari, da ɗan kasuwar da aka karɓe wa rumfa, da ɗan fanshon da aka rage wa shekarun aiki a lissafi, duk nan suke zuwa. Buƙatarsu ɗaya ce, a sake duba maganarsu, kuma kalmar Turancin da ke ɗauke da wannan buƙata ita ce reconsider.

Ra'ayinmu a kan wannan hidima bai da wuyar faɗa. Wajen bugawa da tsara takarda da sauri, shagunan sun iya aikinsu, kuma sun cancanci kuɗin da suke karɓa. Wajen zaɓen kalmar da za ta kai takarda teburin da ya dace, nan ne aikin ke da rauni, kuma raunin yana iya jawo wa mutum asarar da ta fi kuɗin bugawa nesa ba kusa ba.

Bari mu fara da ita kalmar, tun da a kanta komai ya rataya. Gida biyu ce. Akwai re, wato “sake”, sai consider, wato auna abu a zuci kafin a yanke shawara. Tushenta Latin ne, ta biyo ta Faransanci, kuma tana cikin Turanci tun ƙarni na 16. Gaɓa huɗu gare ta, ana danna murya a kan ta uku: ri-kan-SI-da. Sunan aikin, reconsideration, gaɓa shida ne, nauyinsa a kan ta biyar: ri-kan-si-da-RE-shan.

Kafin kalmar ta zauna daidai a takarda, sai an riga an yanke wata shawara. Wanda ke neman aiki ko gurbin karatu a karo na farko consider yake buƙata, domin babu abin da za a sake. Sannan kuma wanda ya yanke shawarar shi ne ake roƙo ya waiwaye ta, ba na gaba da shi ba. Wannan shi ne ƙashin bayan ma'anar, kuma shi ne abin da aka fi mantawa da shi a shagunan. Abu na ƙarshe, kalmar ba ta yi wa kowa alkawarin canji ba. Mutum yana iya sake tunani ya dawo kan bakansa na farko, kuma ya yi abin da kalmar ta ce.

Ga yadda abin kan gudana a gaban kwamfuta. Dattijo ne zaune a benci, takardunsa cikin leda, ya zaro ɗaya da ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya.

“Baba, mi aka so a rubuta?”

“Ɗana, shekaruna na aiki anka rage. Talatin da biyar niy yi, sunka rubuta talatin da biyu. So nika su sake dubawa.”

“To, afil za mu yi ke nan, Baba.”

Yaron bai karɓi takardar ya karanta ba. Ya buɗe wani tsohon fayil da aka taɓa rubuta wa wani, ya goge suna ya sa na dattijo, ya canza kwanan wata, ya bar sauran yadda yake. A cikin minti goma takarda ta fito, fes da ita, sakin layi a jere, wurin sa hannu a inda ya dace. A samanta an rubuta Letter of Appeal, a tsakiyarta kuma ga jimlar nan da ta zama ruwan dare a takardun ofis na ƙasar nan, temper justice with mercy, wato a sassauta hukunci a yi jinƙai.

To ina laifin wannan? Dattijon bai yi laifin komai ba. Lissafi aka kuskure masa, kuma yana da takardar ɗaukarsa aiki da ke nuna ranar da ya fara. Jimlar neman jinƙai ta wanda ya amsa laifi ce, yana roƙon a rage masa horo. Da aka sa ta a bakin mai haƙƙi, sai ta mayar da shi mai bara, ta kuma ɓoye hujjar da ita kaɗai za ta sa akawu ya jawo fayil. Wannan shi ne babban aibin aiki da tsohon fayil. Takardun sake duba hukunci iri biyu ne. Akwai ta mai cewa “na yi kuskure, ga uzurina”, akwai ta mai cewa “an yi kuskure a kaina, ga shaida”. Reconsider tana shiga duka biyun, amma abin da ke biye da ita ya sha bamban, kuma fayil ɗaya ba ya yi wa duka biyun aiki.

Kurakuran nahawu da ke yawan fitowa daga shagunan ba su da yawa, sai dai suna maimaituwa, domin daga fayil ɗaya ake ta kwafarsu. Wanda ya fi yawa shi ne reconsider again. “Sake” tana cikin kalmar tun asali, ƙara again kamar a ce “a sake sake dubawa” ne, sai fa in da gaske an taɓa sake dubawar sau ɗaya. Haka reconsider back. Na biye da shi cusa ƙaramar kalma tsakanin aikatau da abin da ake magana a kai, kamar reconsider about my case ko reconsider on the matter. Kalmar kai tsaye take kama abinta: reconsider my case, reconsider the matter, reconsider your decision. Akwai kuma reconsider to post me, wanda ba Turanci ba ne. Daidai shi ne reconsider your decision to post me.

Reconsider me tana da wurinta, amma ƙunci gare shi. Wanda ya nemi aiki aka ƙi ɗaukarsa yana iya cewa reconsider me for the post. Wanda aka dakatar daga aiki kuwa dakatarwar ce za a sake dubawa, don haka reconsider my suspension zai ce. Mun fi damuwa da kuskuren da ke juya magana gaba ɗaya, inda mai bugawa zai fassara “ina neman a sake duba” da I am reconsidering your decision. Wannan yana nufin mai takardar ne ke sake auna hukuncin shugabansa, kamar shi ne ke sama. Babban sakataren da ya ga wannan a layin farko da wuya ya karanta na biyu da zuciya ɗaya.

Wajen rubutun kalmar, ba a sa mata karan ɗori tsakanin re da consider, harafin s ne a tsakiya, kuma in ta wuce reconsidered ce da r ɗaya a ƙarshe. A lura da gyaran da kwamfuta ke yi da kanta. In mai bugawa ya kuskure harafi ya danna kalmar farko da aka miƙo masa, tana iya zama reconcile, wato sasantawa, sai takarda ta koma neman sulhu da ofishin da ba a yi faɗa da shi ba.

Sai kuma muryar takardar. I want you to reconsider umarni ne. I urge you to reconsider tana da ƙarfi, ta fi dacewa da ƙungiya mai magana da gwamnati ko sharhin jarida. Na ƙasa mai rubuta wa na sama, abin da ya fi zauna masa shi ne I respectfully request that you reconsider, ko I should be grateful if you would reconsider. Ladabi ɗaya ya isa. Tara humbly da respectfully da kindly da please a jimla guda ba ya ƙara wa takarda daraja, sai dai ya tura ainihin buƙatar can ƙasa.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wato rikita reconsider da 'yan uwanta. A bakin masu shago duk takardar koke “afil” ce. A wajen doka kuwa appeal ɗaukaka ƙara ce, a tsallake wanda ya yanke hukunci a je wurin na sama da shi, kuma tana da wa'adi. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da reshe a nan Sakkwato, doka ta ba da wata 3 a kan hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 90 a shari'ar laifi, kwana 14 kacal a kan ƙaramin hukuncin da aka yanke ana tsakiyar shari'a. Wanda ya zauna yana rubuta wa alƙalin da ya yanke masa hukunci takardar roƙon ya sake tunani, kwanakin nan suna tafiya ba su jiransa. Ƙa'idar kotu ita ce alƙali in ya yanke hukuncin ƙarshe ya gama da wannan shari'a, ba ya komawa ya zauna a kanta, sai gyaran tuntuɓen alƙalami da wasu 'yan wurare ƙalilan da lauya ya sani.

Mutanen wannan yanki sun ga misalin haka a kusa. A ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar APC a Zamfara saboda matsalar zaɓen fid da gwani. Aka koma ana neman ta sake duba hukuncin, a watan Maris na 2020 ta ƙi. A farkon shekarar 2020 ɗin ma ta ƙi irin wannan roƙo a shari'o'in Bayelsa da Imo, har a ta Bayelsa ta ci manyan lauyoyin da suka kawo roƙon tarar miliyoyin naira. Sashe na 235 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce hukuncinta shi ne na ƙarshe. In har manyan lauyoyi sun ƙwanƙwasa wannan ƙofa ba ta buɗu ba, takardar shago ba za ta buɗe ta ba. Duk maganar da ta shafi hukuncin kotu, ko ta shari'ar Musulunci ko ta majistare ko babba, shawararmu ita ce a wuce shagon a nemi lauya ko magatakardan kotun. Mai shago na ƙwarai shi da kansa zai faɗi haka, kuma akwai masu faɗa.

Ma'aikacin gwamnati ma yana da irin wannan tarko. Dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata 3 na kai ƙarar jami'i a kan abin da ya aikata a bakin aikinsa. Akwai shari'o'in da dokar ba ta hawa kansu, kuma tantance wannan aikin lauya ne. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne musayar takardu da ofis ba ta tsayar da lissafin wa'adi. Mutum yana iya rubuta takardar roƙo uku, a yi ta ce masa ana dubawa, ya farga lokacin zuwa kotu ya wuce. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975 kuma take da ofis a kowace jiha, ita ma dokarta ta hana ta karɓar koken da ya wuce wata 12, ko wanda ke gaban kotu. Tana kuma son ta ga mutum ya fara bin hanyoyin da ke cikin ma'aikatarsa, kuma a nan ne takardar reconsider mai hatimin karɓa ke zama shaida.

Review ita ce bita, a bi abu daki-daki a ga ko an yi shi bisa ƙa'ida. Sau da yawa wani ne daban ke yi, ko kwamiti, kuma ba lallai sai wani ya yi kuka ba. Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 65, da wannan kalma ta ba INEC ikon duba sakamakon da aka tilasta wa jami'i ya bayyana, cikin kwana 7. Revise gyara ce da aka riga aka shiga yi, kamar kwaskwarimar kasafin kuɗi. Rescind da revoke da reverse duk sakamako ne, a janye ko a soke ko a juya hukunci. Rethink ta fi kusa da reconsider, amma ta fi son manyan abubuwa kamar tsari ko manufa, irin abin da Bahaushe zai ce a sake lale. Ba a cika sa ta a takardar mutum ɗaya zuwa ofis ba. In ta wuce rethought ce.

Masu neman biza su ma suna yawan faɗawa nan. Wanda ofishin jakadancin Amurka ya hana wa bizar ziyara a ƙarƙashin sashe na 214(b) babu ɗaukaka ƙara a gare shi, sai dai ya sake nema daga farko ya sake biya. Bizar ziyara ta Ingila ma yawanci haka take. Wasu nau'o'in, kamar ta karatu, suna da abin da ake kira administrative review, ana nemansa ta intanet cikin kwana 28 ga wanda ke wajen ƙasar, kuma aikinsa duba kuskuren jami'in da ya yanke hukunci ne. Takardar ƙin da aka ba mutum ita ke faɗin hanyar da ta rage masa. Shagon da ya karɓi kuɗi ya buga doguwar takardar roƙo ba tare da ya karanta wannan ba ya sayar wa mutum abin da babu inda zai kai shi.

Akwai gefen hidimar da ba a biya, amma yana da tasiri, wato karanta wa mutum amsar da ta dawo. Mai takarda yakan koma shagon da ya buga masa ya ce, “Malam, duba mini mi sunka ce.” Nan ma ana tuntuɓe. We will reconsider your case ba ta nufin an yarda, ana nufin za a sake dubawa. Under consideration ana kan dubawa ne. In aka ga KIV, wato keep in view, a gefen takarda da jan biro ko kore, an ajiye ta ne sai wani lokaci, kuma tana buƙatar bibiya. Jimlar da ta fi ruɗar mutane ita ce upon reconsideration, the committee upheld its decision. Mai karatu da gaggawa yana ganin kalmar farko sai ya yi wa mutum albishir, alhali upheld na nufin an tabbatar da hukuncin farko. Kalmomin da ke nuna an samu canji su ne reversed, set aside, ko varied in an sassauta wani ɓangare. Sannan in shugaba ya rubuta wa na ƙasa da shi you may wish to reconsider, wannan ba zaɓi aka ba shi ba. Gargaɗi ne cikin lalama, kamar dattijo ya ce wa yaro, “Da dai ka ƙara shawara.”

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fage ba, kuma mai bugawa da ya saurari wadda mutum ya zaɓa ya riga ya samu rabin fassararsa. Wanda ya ce a sake duba, hujja gare shi. Wanda ya ce a yi haƙuri a sassauta, uzuri gare shi. Wanda ya ce shi bai yarda ba sai ya kai gaba, ɗaukaka ƙara yake nufi. Sake shawara da sake tunani su suka fi kusa da reconsider in mutum kansa yake magana a kai, kamar wanda ya miƙa takardar ajiye aiki ya dawo ya ce I have reconsidered my decision to resign. Lashe amai kuwa zargi ne, kuma kalmar Turancin ba ta ɗauke da wannan zargi ko kaɗan. Wannan bambanci yana da amfani, domin abin da ke hana shugabanni da yawa waiwayar hukuncinsu shi ne gudun a ce sun yi amai sun lashe. Garin malamai irin Sakkwato ya san wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari, inda ya hore shi da cewa hukuncin da ya yanke jiya kada ya hana shi komawa ga gaskiya in ya sake dubawa ya gane daidai, domin komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan ɓata. Takarda mai kyau ita ce wadda ta sauƙaƙa wa shugaba wannan komawar. Ta miƙa masa sabon abu da bai gani ba a karon farko, yadda zai canza hukunci ba tare da an ce da ya yi zalunci ba.

Don haka ga abin da ya kamata mai zuwa shago ya tsaya a kai. Ya zo da takardar hukuncin kanta, ya sa a karanta ta a gabansa kafin a taɓa kwamfuta, a fitar da lambarta da kwanan watanta da muƙamin wanda ya sa hannu da wa'adin da aka bayar in akwai. Ga muƙamin ake rubutawa, ba ga sunan mutum ba. Ma'aikacin gwamnati ta hannun shugaban sashensa takardarsa ke bi, a rubuta Through a ƙarƙashin adireshi, shugaban ya sa hannu ya tura. Ɗalibi ma ta hannun shugaban sashe da na tsangaya. Takardar da ta tsallake wannan mataki sau da yawa dawo da ita ake yi, mako biyu ya tafi a banza.

Kanun takarda ya faɗi komai a layi ɗaya: Request for Reconsideration of, sai a ambaci hukuncin. Sakin layi na farko ya ce wace takarda ake magana a kai, da lambarta da ranarta. Na biyu shi ne zuciyar aikin, sabon dalili. Ga dattijon nan, ranar da ya fara aiki da ranar da ya ajiye da lissafin da ke tsakani. Ga ɗalibi, takardar asibiti mai nuna kwanakin da ya kwanta sun faɗa a kan jarrabawa. Ga ma'aikacin da aka canza wa wuri, rahoton likitan da ke duba mahaifiyarsa da tsawon lokacin da yake roƙo a ɗaga masa. In the light of ita ce gadar da ke haɗa dalili da roƙo, wato “bisa la'akari da”. Na uku ya faɗi abin da ake so a yi, a fili: a gyara lissafi zuwa shekara 35, ko a ba da damar sake zama jarrabawa, ko a jinkirta canjin wata shida. Takardu da yawa daga shagunan suna ƙarewa ba su faɗi wannan ba, sai jami'i ya rasa abin da zai amince da shi ko da yana so. Shafi ɗaya ya isa. Shaidu a lissafa su a ƙasa, a maƙala fotokwafinsu, na asali su zauna a gida. In an buɗe da Dear Sir ko Dear Madam, da Yours faithfully ake rufewa.

In babu sabon dalili fa? To a faɗi gaskiya a nemi sassauci, a gajarce. Maimaita hujjar da aka riga aka ji aka ƙi ba ya motsa kowa, kuma ƙirƙiro uzuri ko takardar asibiti ta bogi yana mayar da ƙaramar matsala ta zama ta kora.

Kada a ɗauka shagunan ba su da abin yabo. Sun san tsarin takardar ofis fiye da masu digiri da yawa: inda adireshi biyu ke zama, yadda ake jera Through, girman rubutun da ke karantuwa. Waɗanda suka daɗe kusa da ma'aikatu sun san sunayen muƙamai daidai, sun san wane ofis ke karɓar wace takarda da kuma lokacin da ake samun akawu a kan kujera. Suna da haƙuri da tsofaffi da waɗanda ba su yi boko ba, kuma da Hausa ake yin komai. Ana biya shafi-shafi, kuɗin bugawa daban, na fitarwa daban, na tsara magana daban, in ana kan janareto kuma farashi ya ɗan ɗaga. A yi ciniki tun farko, a kuma tambaya ko gyara bayan an fitar yana cikin kuɗin, domin kusan kullum sai an samu abin gyarawa. Dattawan masu shago da suka taɓa aikin akawu ko koyarwa sun fi yara masu saurin hannu iya tsara magana, ko da za a ɗan jira su.

Sabon abin da ya shigo shi ne fassarar waya da manhajojin da ke rubuta takarda da kansu. Turancin da suke fitarwa ya fi na tsohon fayil tsabta, kurakuran again da about sun ragu a shagunan da ke amfani da su. Amma manhaja abin da aka gaya mata take bi. In yaron shago ya ce mata afil, afil za ta rubuta, kuma tana iya ƙara maganar da mai takarda bai faɗa ba don ta cika shafi. Maganin wannan ɗaya ne: kafin a fitar, a sa mai bugawa ya mayar da takardar Hausa jimla bayan jimla, mai ita yana saurare. Duk abin da bai faɗa ba a cire, domin shi zai sa hannu, shi za a tambaya.

Sai batun sirri, wanda shagunan ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Tsohon fayil ɗin da aka buɗe wa dattijo takardar wani ce, da sunansa da lambar fayil ɗinsa da matsalarsa, kuma duk wanda ke tsaye a bayan kujera ya gani. Takardar dattijon ma haka za ta zama gobe. Mai takarda yana da ikon cewa a tura masa kwafi a wayarsa a goge na kwamfutar a gabansa, har da kwandon shara na kwamfutar, a kuma ba shi gurɓatattun shafukan da aka fitar, kada su ƙare a wurin mai ƙosai.

A fitar da kwafi uku, a sa hannu a kan duka da biro shuɗi don a bambance na asali da fotokwafi. Ɗaya na ofis, ɗaya na shugaban sashe in ta hannunsa ta bi, na ukun kuma a miƙa wa akawun da ke karɓar takardu ya buga masa hatimi ya rubuta kwanan wata ya sa hannu. In ya ce babu hatimi a kusa, a roƙe shi ya rubuta sunansa da ranar da hannu. A ɗauki hoton wannan kwafi a waya tun kafin a bar harabar ofishin, a rubuta ranar da za a dawo bibiya a bayansa, mako biyu in takardar hukuncin ba ta faɗi wani wa'adi ba.